Maigarin da Ya Ƙi Nutsewa

Ranar wata Laraba ce cikin Agusta, ƙarfe biyar na yamma, kogin Haɗejiya ya fara lasar gonakin shinkafa. A ɗakin watsa shiri na gidan rediyonmu akwai ni, mai ba da labari a wasan kwaikwayonmu na mako-mako, da furodusa, da injiniya da bokitin ruwa a gabansa don kwaikwayon ƙarar kogi, sai baƙonmu, wani tsohon ɗan wasan fim.

Duk wanda ya kalli finafinan zamanin kaset ya san shi, kuma da abu guda aka san shi: mutuwa. An harbe shi, an ba shi guba, mota ta buge shi. Yakan dafe ƙirji, ya yi doguwar wasiyya, ya faɗi a hankali don kada hularsa ta tuɓe. Da kaset ya wuce aka daina nemansa, ya dawo gida yana wuni a ƙofar shagon ƙanensa, yana jiran wani ya gane shi.

Can muka ɗauko shi. Wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyin wasan, don a ja kunnen mazauna bakin kogi su tashi idan an yi gargaɗin ambaliya. Muka ba shi matsayin maigari mai taurin kai, wanda zai ƙi tashi har ruwa ya ci shi. Yakan zo da babbar riga, ya shafa hoda, alhali rediyo ne. Ba da jimawa ba 'yan kasuwar kifi suka koma miƙewa suna ce masa "Maigari, ranka ya daɗe!" Larabar nan ce ranar mutuwarsa a wasan, kuma ya san daga ita sai ƙofar shago.

Kai tsaye muke yi, don na'urar ɗaukar murya ta lalace tun bazara.

Na karanta: "Ruwa ya kai wa maigari wuya." Injiniya ya dama bokiti. Abin da ya rage wa baƙonmu shi ne ya yi salati, ya yi shiru.

"Alhamdu lillahi!" in ji shi. "Na damƙi kacalla!"

Kacalla ciyawar nan ce da ta toshe mana hanyoyin ruwa, ban taɓa jin ta ceci kowa ba. An koya mana cewa kome ya faru, murya ba ta rawa a rediyo. Na ce, "Sai kacallar ta tsinke."

"Ga kwalekwale can yana tahowa!"

"Kwalekwalen ya kife."

"To ai na iya iyo, ɗan nan. Kafin a haifi ubanka nake tsallake kogin nan."

Furodusa yana ta jan yatsa a wuyansa, alamar ya mutu haka nan, baƙonmu ya juya masa baya. Na aiko da igiyar ruwa, ya nutsa ya ɓullo. Na aiko da kada, ya ce ya san kakansa. Hannun injiniya ya gaji, rabin bokitin ya ƙare a kan tabarma. Haka lokacin labarai ya cim mana, maigari yana kan reshen giginya, itacen da Allah bai yi wa reshe ba, yana yi wa jama'arsa jawabi.

Da aka kashe makirufo furodusa ya ce, "Baba, don Allah me muka yi maka?"

Ya gyara hularsa. "Ɗana, na mutu wa mutanen Kano ba adadi, ko gaisuwa ba wanda ya zo. Yanzu kuma a garinmu, gaban dangina, sai in mutu cikin bokiti?"

Waya ta yi ta ƙara har magariba. Ba mu taɓa samun yabo irin na ranar ba. Wani manomi daga wajen Kaugama ya ce su ma sun fasa tashi, tunda maigari ya nuna ruwa tsoro ne kawai. Jami'ar ƙungiyar ma ta ji wannan kiran, don kai tsaye aka sa shi a rediyo.

Larabar da ta biyo baya ba mu gayyace shi ba. Ni na kashe maigari a jimlar farko, da muryar da nake sanarwar rasuwa, na ƙara da cewa an ga gawar.

Ƙungiyar ba ta sabunta shirin ba. Wani mai maganin gargajiya ya sayi filin namu na rediyo, ya ɗauki tsohon yana yi masa tallar maganin sanyi, kowace Laraba ƙarfe biyar.