Tsallen Faifan Kawu Iliya

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Iliya a Kazaure ya san ba ya ba da hannu gaba ɗaya. Kan yatsu uku zai miƙo maka, ya janye da sauri kamar ya taɓa murfin tukunya. "A hankali, bawan Allah, kayan aiki ne!" Alhali mutumin nan ya daɗe da yin ritaya daga tuƙin motar gyaran hanya. Aikin da yake nufi jita ce.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, don haka na sha labarin har na haddace. Yana saurayi a Sabon Garin Kano wani makanike mutumin Ghana ya bar masa jita da garmaho da faifai bakwai na kiɗan baƙaƙen Amurka, mai sauri, ga ƙaho ga ganga, jita na ratsawa ta tsakiya. Bulus mai tsalle, haka aka ce masa sunansa. Shida yana jin su ne kawai. Na bakwai kuwa ya rantse sai ya kaɗa shi daga farko har ƙarshe, daidai da mai shi, kafin ya bar duniya.

Gara ta cinye takardar faifan, ba wanda ya san sunan makaɗin, sai Kawu ya riƙa ce masa Malamina. "Malamina ba ya gaggawa." "Malamina bai yarda da hayaniya ba." Har limamin unguwarmu ya gaji ya tambaya.

"Wai Iliya, malamin nan naka a wane gari yake? Mu kai masa ziyara mana."

"Allah gafarta Malam, yana cikin akwati. Karatunsa minti uku ne, amma shekara arba'in ban sauke ba."

Tsirkiyar jita kuwa, Kawu bai taɓa sayen ta kanti ba. Wayar birkin keke yake warwarewa ya ɗaura. Ranar kasuwar Gwiwa za ka same shi wurin masu gyaran keke, yana taɓa waya a gindin kunnensa. Wata rana ya tare wani bawan Allah a kan kekensa.

"Samari, yaya birkin nan naka?"

"Lafiyarsa ƙalau, Baba."

"To madalla. Ranar da ya tsinke, in ka tashi ka karkaɗe jikinka, ka tuna da ni."

Faifan nan yana da wata matsala. Daidai inda jitar ta ɗauki zafi, allurar garmaho takan maƙale, ta maimaita wuri ɗaya sau uku, sai Kawu ya zunguri teburin da gwiwa, ta yi tsalle ta ci gaba. To haka ya koyi kiɗan! Ko ba garmaho, in ya zo wurin sai ya maimaita sau uku, gwiwarsa ta harba sama, sannan ya wuce. Mu duka mun ɗauka haka ake yi a Amurka.

Ni na ɓata komai. Bara na kara wayata a bakin garmahon, ta gano kiɗan, na kunna masa na asali. Sai ga wani yanki a tsakiya, tsawon numfashi biyu, wanda Kawu bai taɓa ji ba. Ya ɗaure fuska.

"Wannan jabu ne."

"Kawu, faifanka ne ya karce."

"Kai, ɗan zamani! Yaya sunan kiɗan?"

"Bulus mai tsalle."

"To ina tsallen a naka?"

Na koma Dutse wurin aikina. Kwana uku sai ga kiran Inna Hajara, matarsa, wai in zo, Kawu ya daina cin abinci sosai. Na same shi gindin darbejiya, jitar a cinyarsa.

"Ba wai na yarda ba ne," in ji shi. "Kuskuren na wayarka zan duba."

Sai ya ɗaga mini hannun hagunsa. Sanyin ƙashi ya kumbura gaɓoɓin, ɗan yatsan ƙarshe ma ya ƙi lanƙwasuwa. "Waɗannan ba za su kai damina ba, Nasiru. Ni kuma ba zan tafi da karatu mai giɓi ba."

Wata huɗu muna fama. Duk ranar Juma'a ina hanya. Inna ta gasa masa hannu da ruwan ɗumi, ni in riƙe waya, shi yana daka mini tsawa.

"Mai da allura baya!"

"Kawu, waya ba ta da allura."

"To mai da abin da take da shi!"

Yatsun sun koya, gwiwar ce ta ƙi. Da ya iso wurin sai ta harba da kanta, ya rikice. Ƙarshe ya sa aka kwance igiyar akuya, ya ɗaure ƙafarsa a jikin kujera. Na ce ya huta hakanan, ya ce in huta ni, tunda ni ne rago.

Wata Asabar bayan la'asar ya fara daga farko. Ya iso wurin, na riƙe numfashina. Igiya ta miƙe, yatsun suka ratsa, bai maimaita ba. Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu.

"Malam, ka wuce! Wallahi ka wuce!"

Bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshe. Ya ajiye jitar, ya ce, "Ashe nan ne ya fi daɗi. Shi ya sa Malamina ya ɓoye mini." Muka yi dariya, amma ni kuka nake, don na ga yatsun sun gama nasu.

Bai sake ɗaukar jitar ba. Ruwan farko bai sauka ba muka kai shi makwancinsa.

Allah Ya jiƙan Kawu Iliya, Ya yafe masa kurakuransa, Ya cike masa duk giɓin da ya bari a ayyukansa. Allah Ya ba Inna haƙuri. Amin.