Ƙofar Aro a Manhajar Gwaggo Bintu

Abdulmumin ɗan Malam Bunu mai gyaɗa ne, haifaffen Gaya, kuma tun yana ƙarami ba a ajiye rediyo kusa da shi a dawo a same ta da rai. Da ya tafi karatun kwamfuta Kano, kowa ya ce ya tafi ke nan. Sai ga shi ya dawo da tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen murfi, ya kama shago kusa da tasha, yana buga wa mutane takardu. In kasuwa ta yi sanyi sai ya koma rubuta manhaja. Mutumin kirki ne, sai dai akwai shi da ɗoki: in ya yi gini, so yake a tare kafin yaɓe ya bushe.

Gwaggonsa Bintu ungozoma ce a Balan. Ita ta yi masa ƙorafin cewa mata na ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu, don kunya ba ta barinsu su faɗa a gaban miji ko suruka. Sai ya yi mata manhaja: mace ta danna, ta faɗi damuwarta da baki, saƙon ya tafi wayar Gwaggo ita kaɗai. Mata suka karɓe ta hannu bibbiyu. Kuma ba daga intanet suke sauke ta ba, wa zai ƙona data? A gidan suna ake tura ta daga waya zuwa waya, masu cajin waya a kasuwa su haɗa wa mutum ita da wa'azi da waƙoƙi. Haka ta bazu har ƙauyukan Ajingi.

To, mai rubuta manhaja kamar magini ne, ba shi ke yin ƙofa da sakata ba, ɗaukowa yake. Ɓangaren da ke ajiye muryoyin nan a intanet aro shi Abdulmumin ya yi, kyauta, daga wasu mutane da bai taɓa gani ba. Akwai binciken da ake yi wa irin waɗannan kayan aro, a gwada su da ɓarakar da duniya ta riga ta gano. Ya san da shi sarai. Kullum cewa yake sai ya samu sarari.

Wata safiya da damina ruwa ya hana kowa zuwa shagon, ya ce bari ya gwada. Allon ya cika da jan rubutu. Ɓangaren ajiyar muryoyin yana da ɓaraka, an daɗe da gano ta, har an wallafa yadda ake shiga. Duk mai ɗan wayo zai iya kwashe abin da ke ciki. Tsoro ya kama shi.

Kafin azahar ya gama gyara. Amma gyaran a sabuwar manhaja yake, tsohuwar kuwa tana cikin wayoyin da bai san adadinsu ba, mafi yawa a hannun matan da ke cikin ɗaka. Muddin ana so tsohuwar ta ci gaba da aiki, dole ƙofar ma'ajiyar muryoyin ta zauna a buɗe. Ya hau babur ya keta taɓo zuwa Balan.

"Gwaggo, rufewa zan yi yau," ya ce. "Asirin mutane na cikin haɗari."

"Ka rufe me?" Ta ajiye faifan da ke hannunta. "Ɗan nan, ina da masu tsohon ciki a bayan fadama, hanya duk ta yanke. In naƙuda ta zo da gardama, da me za su kira ni? Wasu ko lambata ba su iya nemowa, hoton manhajar nan kawai suka sani su danna."

"Gwaggo, magana fa zarar bunu ce."

"Rai kuma fa? Ka bari ranar kasuwar Ajingi ka kai wa masu caji sabuwar, su yi ta turawa. Allah zai rufa asiri."

Gaskiya ta faɗa, shi ma gaskiya ya faɗa, abin da ya sa zancen ya yi ɗaci ke nan. Ya bar ƙofar a buɗe. Kwanakin da suka biyo baya ko tuwo ba ya masa daɗi.

Ranar kasuwa ya yi sammako. Ya ratsa layin masu gero da gyaɗa, ya nufi rumfar Mudassir mai caji, inda aka fi tura manhajar. Tun daga nesa ya hango samari sun yi cincirindo, ba kiɗa ke tashi ba, amma sai dariya suke suna tafawa.

"Injiniya, ka zo a daidai!" in ji Mudassir. "Wani ne ya turo mana daga Kano, yanzu su ake yayi. Ga na Balan, ga na Gaya. Tsaya ka ji wannan, an ce matar wani ce a nan bayan kasuwa."

Ya ƙara sautin sifika. Muryar wata mace ta fito, ƙasa-ƙasa, tana rawa.

"Salamu alaikum, Inna Bintu. Don girman Allah, abin da zan faɗa miki kada kowa ya ji."