Cocin Ƙasa da Kawuna Ya Rushe

Shekarun baya, lokacin ina haya a Narayi ina koyarwa a wata firamare, kusan kowace Lahadi nakan goya mahaifiyata a babur mu tafi sujada ƙauyenmu, can bayan Kakau. Coci-coci sun cika Narayi, amma ita ta ce hankalinta ba ya kwanciya sai a wanda mahaifinta ya gina.

Cocin na ƙasa ne. Kakana da mutanen farko da suka karɓi bishara a ƙauyen su suka kwaɓa ƙasar da ƙafafunsu, mata suna jido ruwa daga rafi. Da aka zo rufi aikin ya gagare su, sai suka ɗauko wani magini Bazazzagi, Musulmi, ya ɗaure musu bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙai masu ɗaukar rufi, da azara irin na tsofaffin masallatan garinsu. Kaurin bangon ya kai mutum ya zauna a taga ya miƙe ƙafa. Wurin zama kuwa dakalai ne a jere, duk sun yi sumul saboda daɗewa. Ko da tsakar bazara ka shiga, sanyi ne zai tare ka tun daga ƙofa. Daga baya aka ɗora kwano a kai saboda ruwan sama, kuma duk bayan girbi zumuntar mata sukan fito su yi wa bangon sabon yaɓe suna waƙa.

Ana nan sai kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi ritaya daga Abuja, aka naɗa shi shugaban kwamitin gini. Ya ce za a gina sabon coci na bulo mai tayil. Babu wanda ya ƙi, don gaskiya mun yi wa tsohon yawa, wasu a gindin mangwaro suke jin wa'azi. Gardamar ɗaya ce: me za a yi da na ƙasar?

Ranar taron ikilisiya na zo da jawabi da na sha wahalar haddacewa. Na miƙe na fara zuba Turanci a kan tarihi da gado, har wata tsohuwa ta ce, "Malam, in da mu kake, yi Hausa." Aka kwashe da dariya, sauran jawabin ya gudu daga kaina. Mahaifiyata ce ta ceci maganar. Ko tashi ba ta yi ba, ta ce, "Yaya, a nan aka ɗaura aurena, a nan muka yi wa Baba addu'ar ƙarshe. Fili ga shi nan har bakin hanya. Ku gina naku, ku bar wannan." Dattawa suka amince a bar shi ya zama ajin yara na ranar Lahadi. Kawu da bakinsa ya ce, "Shi ke nan, na ji."

Sabon gini ya tashi, aka buɗe shi da biki. Bayan haka, wata Talata da damina, kowa yana gona, Fasto kuma ya shiga gari taro, sai wata maƙwabciyarmu ta ƙauye ta kira ni ina cikin aji. Ta ce katafila ta shigo harabar coci.

Kafin mu isa ni da mahaifiyata, saura bangon gabas kaɗai, bakan gizo ɗaya yana tsaye babu rufi a kansa. Kawu yana gefe riƙe da lema. Direban, wani dattijo daga Makera, da ya ga mahaifiyata ta durƙushe a kan ɓaraguzai sai ya kashe inji ya sauko. Ya ce, "Mama, lafiya?" Na ce masa coci ne yake rushewa. Ya juya ya kalli kawu. "Ranka ya daɗe, ai ce mini ka yi tsohon sito ne. Wallahi da na san wurin ibada ne, sai na ga shugabanninsa kafin in taɓa."

Kawu ko a jikinsa. Ya ce manyan baƙi suna zuwa yanzu, babu wurin ajiye motoci, kuma ginin laka kusa da sabon coci abin kunya ne. Na tuna masa alkawarin da ya yi a gaban ikilisiya. Ya ce, "Ji na ce na yi, ban ce na yarda ba." Da ya tsaya a taro ya kayar da mu da hujja, da mun haƙura. Amma ya jira sai da mutane suka tafi noma.

Direban ya ƙi ƙarasa aikin, ya ja katafilarsa ya tafi. Washegari aka sa samari suka ture sauran bangon da diga. Mahaifiyata ta roƙi a ba ta azara ɗaya ta ajiye, aka ce an riga an ba mai gidan burodi ya kwashe don itacen wuta.

Ta daɗe ba ta ko gaisa da yayanta. Fasto ne ya zaunar da su gab da wata Kirsimeti, ta ce ta yafe, aka ci gaba da zumunci.

Can bayan wasu shekaru kawu ya je Ingila ganin 'yarsa. Da ya dawo muka je yi masa barka da zuwa, ya ɗauko waya yana nuna mana hotuna. Ya tsaya a kan wani ɗan cocin dutse na ƙauye, hasumiyarsa ta yi baƙi, ciyawa ta fito a bango. Ya ce, "Kun ga wannan? Tun kafin kakannin kakanninmu yake tsaye, ko dutse ɗaya ba a yarda ka ɗauka. Mutanen nan sun san darajar tarihi."

Mahaifiyata ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa masa. Ta ce, "Yaya, su can ba su da motoci ne?"

Kawu ya sa wayar a aljihu ya tambaya ko an kawo mana ruwa.

Na yafe masa kamar yadda ta yafe, kuma ina zuwa sujada a sabon cocin. Amma ba zan ce haushin ya wuce ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mutumin nan ya san kyan tsohon gini sarai, har hoto ya tsaya ya ɗauka. Wanda hannun mahaifinsa ya gina ne kawai bai ga kyansa ba.