Karan dawar Yaya Sale da bindigar ɗansa

Shekara tara ke nan cif da muka kai Yaya Sale makwancinsa a Sara, kuma har yau in aka tambaye ni abin da ya bari, sai in rasa ta inda zan fara. Ya bar matarsa Yaya Rabi, da 'ya'ya huɗu, da gona a hanyar Kwandiko. Ya kuma bar wani damin karan dawa da ke jingine a ɗakina a Birnin Kudu, wanda ya hana ni sakat a 'yan makonnin nan.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, malamin makaranta mai koyar da labarin ƙasa. Da ƙuruciyarsa aka tura shi koyarwa ta shekara biyu a wata 'yar ƙasa da teku ya kewaye. Ya ce in ka hau babur da hantsi, kafin la'asar ka zagaye ta ka dawo inda ka tashi. Mu da babban ruwanmu shi ne kogi in ya cika da damina, muka yi ta jinjina kai. Ya dawo gida, amma rabin hankalinsa na can.

Duk shekara bayan an yanke dawa sai ya hau mota zuwa Kano, wurin wani abokinsa mai aiki a ɗakin karatu, ya kwafo yawan makaman da tsibirin nan ya sayo daga waje. In ya dawo sai ya zaɓi kara mai kyau, ya auna da rula, ya yanke. Shekarar da suka sayi da yawa, dogon kara. Shekarar da suka sassauta, gajere. Ya ɗaure shi da igiyar rama kusa da na bara, a jikin bangon zaurensa. Haka ya yi har kara ashirin da uku.

Mutanen Sara kuwa suka samu abin tsokana. Yana wucewa a kasuwa za ka ji an ce, "Malam, bana igwa nawa aka sauke?" Ni ma ban bar shi ba. Wata rana na ce, "Haba Yaya, mutanen nan ko sunan Gwaram ba su taɓa ji ba, kai kana nan kana yi musu awon kara!" Bai ji haushi ba. Ya ce, "Habu, yaran da na koya wa zana taswira, su ne yanzu suka isa riƙe bindiga." Daga nan ya ci gaba da ɗaurinsa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne bai taɓa cewa sun kyauta ko ba su kyauta ba. Wata shekara ya ce ɓarayin teku ne ke kwashe musu kifi, dole su sayi jiragen sintiri. Wata shekara ya ce anya ba mutanensu suke tsoro ba kuwa. Wata shekarar kuma ya ce ai tsofaffin ne suka yi tsatsa ake musanyawa. Ƙasar da ba ta da maƙwabci a tudu, wa za ta harba? Na tambaye shi wannan ya fi sau biyar, amsar da nake samu ba ta taɓa zama iri ɗaya ba.

Sai kuma ɓarnar da na yi da hannuna. Damina biyu bayan rasuwarsa bangon zauren ya tsage, aka kira masu yaɓe. Ni uban azarɓaɓi na sa wuƙa na tsinke igiyar, na tattara karan nan kamar itacen girki, wai ina adana kayan marigayi. Sai da na iso Birnin Kudu na lura bai rubuta shekara a jikin ko ɗaya ba. Shekarar kowane kara ita ce inda yake tsaye a jere. Wallahi ranar ji na yi kamar in mari kaina.

Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. To bana sau biyu ɓarayi suna kore shanu a yankinmu, na manoma da na masu kiwo duka, har aka ji wa wani dattijo rauni. Matasa suka ce za su kafa sintiri, kuma sanda da tocila ba su isa ba, sai an haɗa da bindigogin maƙera. Dattawa suka rabu biyu, kuma abin mamaki kowane ɓangare Yaya Sale ya kama. Alhaji Ɗanjuma mai sayar da taki ya ce ai Malam ya nuna mana ko wanda teku ya tsare bai zauna hannu rabbana ba. Na'ibin limaminmu ya ce a'a, kukan abin Malam yake yi, shi ya sa yake jera shi inda kowa zai gani. Dukansu sun sha zama a zauren nan, kuma ba wanda zan ce ya yi ƙarya.

Ana cikin haka sai ga Sagir, babban ɗan Yaya Sale, magidanci mai 'ya ɗaya, ya zo har gida ya durƙusa. Ya ce, "Baba Habu, an sa sunana cikin waɗanda za a ba bindiga. In ka ce kar in karɓa, ba zan karɓa ba. Amma ka gaya mini abin da Malam zai ce." Na ce ya ba ni kwana uku.

Na baje karan a tabarma. Na jera daga gajere zuwa dogo, gabana ya faɗi. Na juya daga dogo zuwa gajere, sai ga labari mai daɗi, mutane sun ajiye makami sun huta. Kara ɗaya, labari biyu, kuma ni ne ke juya shi. 'Yata mai karatun jinya ta ce, "Baba, ai yanzu komai na cikin waya," ta nemo mini wani layi na yawan makaman da tsibirin ya saya, mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto. Na yi ta gwadawa, ashe gara ta ci bakin wasu karan, dogo ya koma gajere. Ko da ma sun dace, layin bai ce yaran nan nasa sun tsira ko ba su tsira ba.

Rana ta uku na tafi Sara wurin Yaya Rabi. Na same ta tana tsince wake, na zayyana mata komai. Ta ce, "Ni Habu ban san awonsa ba, ban taɓa tambaya ba. Abin da na sani, ranar da ya yanko dogo, tuwona a rufe yake dawowa." Na ce to hakan na nufin bai yarda ba ke nan? Ta ce, "Oho. Ni dai na ce maka ba ya ci."

Na kira Sagir na gaya masa gaskiya, ban san abin da mahaifinsa zai ce ba. Ya ce, "To kai me ka ce?" Na dubi shanun nomansa biyu a turke, da 'yarsa tana rarrafe a tsakar gida, na tuna ni a Birnin Kudu nake kwana bayan ƙofar ƙarfe. Na ce ya karɓa. Har yanzu ban san ko na yi daidai ba, kuma ina jin tsoro.

Da ina ganin abin da ya rage na Yaya Sale shi ne ilimin da na hargitsa. Yanzu ina zaton shi ma bai san amsar ba, kawai dai ya ƙi yarda a sayi makami a wani wuri ba tare da wani ya damu ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Kafin in bar Sara na biya ta gonar Yaya Sale na zaro kara ɗaya, na Sagir. Ban san tsawon da zan yanka ba, na taho da shi yadda yake, na jingine shi kusa da damin. Da yake a makare na iso gida, matata ta kawo tuwo da miyar kuka ta ajiye. Da ta zo ɗaukar kwano ta buɗe, ta dube ni, ta ce, "Malam Habu, lafiya? Ko taɓawa ba ka yi ba."