Kalmar da Baba Tafinta Ya Aike Ni da Ita

A wannan watan kakana, Malam Idi, wanda duk Zongon Kwatano ta fi sani da Baba Tafinta, ya cika shekara biyar da rasuwa. Ina da shekara goma sha biyu lokacin, yanzu ina da sha bakwai. Ni ba mai magana ba ce. Ko a aji, in Madam ta kira sunana, muryata maƙalewa take yi. Shi ya sa na zaɓi in rubuta, don takarda ba ta zuba wa mutum ido.

Gwangwani ne ya tayar da wannan rubutu. Kakana ya bar gwangwanayen biskit bakwai cike da katuna. An ƙona shida bayan rasuwarsa. Na bakwai ya tsira ne domin yana saman kabad ɗin kakata, Iya, ƙarƙashin wata tsohuwar darduma. A farkon watan nan ana kwashe kayan Iya, don za a rushe ɗakunan gaba a yi shaguna, aka sauko da shi. Baffa Sale, yayan mahaifina, ya ce ranar Juma'ar da za a yi sadakar shekara zai yi masa yadda ya yi wa sauran. A duk gidan ni kaɗai na san abin da ke cikinsa.

Baba ya yi shekara arba'in yana tafinta. 'Yan kasuwa daga Kano da Sakkwato, masu sayen mota a tashar jirgin ruwa da masu sarin atamfa a kasuwar Tokpa, wurinsa suke fara sauka. Ya karanta musu takardun duwan, wato kwastam, da Faransanci, ya rubuta musu wasiƙa zuwa Legas da Ingilishi, wanda ya koya can da ƙuruciyarsa. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a kula da shi ba shi ne aikin da yake yi bayan la'asar, a kan benci, da almakashi.

Kwalin sukari yake yankawa daidai tafin hannu. A saman kowane kati sai ya rubuta bisimilla, don ya ce bai taɓa fara komai ba tare da ita ba, balle rubutu. A ƙarƙashinta ya sa kalmar Ingilishi ɗaya da shuɗin biro. Sauran filin kuma ya cika shi da ma'anoninta da Hausa, cikin ajami, da alƙalami da tawada. A bayan katin yake rubuta wanda ya ji ya faɗi kalmar da inda ya ji ta: wani direban tanka a iyakar Seme yana faɗa, wata mai sayar da magani a Legas. A wurinsa kalma ba ta raye sai ya ji ta a bakin mai rai. Ba ya jera su bisa haruffa. Kalmomin ciniki gwangwaninsu daban, na cuta daban, na halin mutum daban. Ni ce mai riƙe masa kwalbar tawada, a nan na koyi ajami ba tare da kowa ya lura ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai Uwata.

Akwai kati ɗaya da bayansa ya zauna fari shekara da shekaru. Kalmar ita ce ruthful. Ya same ta a wani tsohon ƙamus marar bango. Ya ce uwarta wata gajeriyar kalma ce, ruth, wato tausayi ko baƙin ciki, ita ma ta tsufa. Ta haifi 'ya'ya biyu. Ɗaya shi ne ruthless, marar tausayi, wanda ba ka buɗe jaridar Legas ba ka gan shi ba. Ɗayan kuma wannan, da ƙamus ya sa wa alamar tsohuwar kalma. Mutanen Ingila na ɗaruruwan shekarun baya suna faɗinta ga mutum mai tausayi. Suna faɗinta ga abin da ke sa a ji tausayi, kamar kukan makoki ko garin da yaƙi ya cinye. Wani lokaci kuma ga wanda baƙin ciki ko nadama ta cika wa zuciya. Sannu a hankali aka daina.

"Dubi ikon Allah, Uwata," in ji shi, yana kaɗa katin don tawada ta bushe. "Ciki ɗaya suka fito. Ɗaya ya yi suna har Legas, ɗaya ko zemijan mai acaɓa bai san ƙofar gidansa ba."

Ba ya zargin Turawa da rashin tausayi. Ya ce suna da wasu kalmomin da suke yi musu wannan aikin. Abin da ya dame shi, kalma kamar hanyar gona ce, in aka daina bi ciyawa take rufewa, kuma ba wanda yake sanin ranar da mutum na ƙarshe ya bi ta.

Shekarar da na shiga koleji muka fara Ingilishi, ya ba ni katin. Ya ce in kai wa Madam in tambaye ta ko ta taɓa jin wani ya faɗi kalmar. Na sa shi a tsakiyar kayena, littafin da nake rubutu a aji. Sau uku ina tsayawa kusa da teburinta bayan an tashi, ina kallon ƙurar alli a yatsunta, sai in wuce. Kullum na dawo daga lekol, wato makaranta, sai ya ɗago kai. "Uwata, an tambayo?" In ce gobe. Ya yi dariya ya ce uwa ba ta ƙarya, sai dai ta manta. Mako uku muna haka. Ranar wata Talata ya dawo daga sallar azahar ya ce kansa na juyawa, kafin magariba ya cika.

Bayan sadakar arba'in aka yi ruwan da ya shiga gidaje, har mutanen unguwar Ladji suka kwashe kaya a kwalekwale. Ɗakin Baba ya sha ruwa. Matan gida suka zazzage gwangwanaye shida a tsakar gida don katunan su bushe. Iska ta watsa su, kaji suka bi ta kai, yara suka ɗebi wasu suna karta da su. Baffa Sale ya shigo ya ga bisimilla a ƙarƙashin ƙafar kaza. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Shi lekol ya yi, Faransanci yake karantawa, ajami ba ya shiga masa. Iya tana takaba a ɗaki, ita ma a zatonta addu'o'in mijinta ne. Mahaifina yana hanyar Nijar da mota. Baffa ya tattara katunan cikin babban faranti ya ce, "Akwai wanda ya san mene ne waɗannan?"

Ina tsaye jikin randa. Na ga tawadar ta ɗan yi naso a gefe amma ana iya karantawa. Na ga kwalin ya kumbura kamar gurasa. Maza shida ne a wurin, duk manya. Na buɗe baki, na rufe. A wurinmu takarda mai sunan Allah ba a barinta a wulaƙance, ko a binne ta ko a ƙona. Baffa ya yi alwala, ya hura gawayi a kurfoti, ya ƙona su ɗaya bayan ɗaya, da girmamawa. Hayaƙin yana ƙamshin sukari. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ba su faɗi sunan duhun wanda ya sani ya yi shiru ba.

Ina yawan tambayar kaina me Baba zai ce da ya ga yau. Bencinsa yana nan, amma ba mai neman tafinta. 'Yan kasuwa ɗora waya suke yi a kan takardar duwan ta karanta musu. Ina jin da ya yi murna da saurin abin, don bai son ganin baƙo yana yawo da takarda kamar makaho. Amma na taɓa rubuta kalmarsa a waya, ta ba ni fassara ɗaya da Faransanci ta yi shiru. Ba ta faɗi uwarta ba, ba ta faɗi wanda ya ji ta ba. Da ya tambaye ta, "A bakin wa?" Bara na yi ƙarfin hali na kai wa Madam katin, shekara huɗu a makare. Ta juya shi gaba da baya, ta ce ba ta taɓa jin ta a bakin kowa ba, kuma kada in kuskura in sa ta a jarrabawa. Na fito da amsa a hannuna babu wanda zan kai wa.

Ranar Juma'ar da ta wuce aka yi sadakar. Bayan malamai sun shafa an raba waina, Baffa ya ɗauko gwangwanin ya ajiye kusa da kurfoti. Kwana goma sha biyu na yi ina shirya maganar da zan yi, ta gudu duka. Na durƙusa gabansa.

"Baffa, ba addu'o'i ba ne."

"Me kika ce, Ummi? Ɗaga murya, ba da tururuwa kike magana ba."

Na buɗe murfin na zaro kati ɗaya na karanta. Kalma ce ta ruwan da ba na teku ba, ba na rijiya ba, mai ɗan gishiri irin na tafkinmu. Na juya bayansa na karanta: a bakin wani injiniyan jirgi, a tashar ruwa, yana ƙorafin shayi. Wani malami ya yi dariya ya ce wallahi wannan Idi ne.

Baffa bai yi dariya ba. Ya karɓi katin ya daɗe yana kallo.

"Duk irin wannan ne? Har waɗancan?"

Na gyaɗa kai.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar."

"Ranar da na tsaya nan na tambaya?"

Ya zauna a kan bencin Baba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, kamar ba da ni yake ba, "Yini biyu na yi. Kowanne sai da na yi masa bisimilla kafin in sa shi a wuta." Daga nan ya tura mini gwangwanin da hannu biyu, ya sa takalmansa ya fita. Wainarsa ta huce a faranti.

Gwangwanin yana ɗakina yanzu, cikin leda biyu saboda damina. Na karanta katuna goma sha ɗaya. Wasu tawadarsu ta dushe, sai na kai su bakin taga. Duk kalmomin ruwa ne da yanayi. Na halin mutum, waɗanda ya fi ji da su, suna cikin na wuta. Wannan ne abin da ya rage na Baba Tafinta a rubuce: kashi ɗaya cikin bakwai, da hannunsa mai karkata hagu, da sunayen mutanen da suka yi magana a gabansa ba su san ana sauraronsu ba.

Na zaci in na yi magana nauyin zai sauka. Magana zarar bunu ce, yanzu na gane. Shekara biyar Baffa yana ɗauke da abu ɗaya mai sanyi a zuciyarsa, cewa ya kare mutuncin rubutun ubansa. Ni na karɓe masa shi a gaban malamai, kuma da na buɗe baki ina da sha biyu, da bai taɓa hura wutar ba. Bai yi mini faɗa ba. In na gaishe shi yana amsawa, amma idonsa a ƙasa, kamar shi ne yaron. Iya ta ce ya tambaye ta, sau biyu, ko Baba ya taɓa kiransa ya zo ya ga katunan. Ta ce masa ba ta tuna ba. Ni na tuna ranar da ya kira shi bai zo ba, kuma ban san ko wannan shirun ma laifi ne ba.

Allah Ya haskaka kabarin Malam Idi, Ya saka masa da kowane harafi, wanda ya tsira da wanda ya ƙone. Shi na san addu'ar da zan yi masa. Baffana, wanda yake raye, shi ne har yanzu ban samo tasa ba.