Tirelar Soja a Kangonmu

Ranar wata Asabar da hantsi aka kawo ta, ina tsakar gida ina tsince shinkafa. Na ji ƙarfe yana gogar bango, maza suna ta "a hankali, a hankali," sai na tashi na leƙa ta tagar soro. Wata 'yar tirela ce mai ƙafa biyu, irin wadda motocin soja ke ja a baya. Fentinta kore ya koɗe, tsatsa ta cinye gindinta, taya ɗaya ta sace. Mota ba ta shiga lungunmu na Gwale, don haka ƙarti shida ne suka turo ta tun daga bakin titi har cikin kangon da ke jikin gidanmu. Wanda ke gaba, riƙe da ƙarfen ja, ɗana ne na fari.

Da wata uwar ce, da ta fita ta ce, "Kai, mene ne wannan?" Ni ban iya ba. A gidan da na tashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Alkunya ke nan. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa a firamare, na tsawata wa 'ya'yan mutane ba adadi, amma nawa ɗan sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. "Yayansu" nake cewa. Kullum da safe yakan zo ya durƙusa a bakin ƙofata ya ce, "Hajiya, ina kwana." In ce, "Lafiya lau," ina kallon wani wajen. A lokacin yana da shekara arba'in da shida, kuma hirarmu ba ta taɓa wuce haka ba.

Da can muna da hanya. In ina son abu, sai in faɗa wa autata da ƙarfi a daidai lokacin da yake wucewa. A haka aka gyara rufin ɗakina, a haka na samu firji. Har abin da ba nema nake ba a haka ya riƙa ji, kamar zancen garinmu da ruwan dam ya cinye ina budurwa, wanda aka ce da bazara in ruwa ya ja baya ana hango dutsen da muke shanya wanki a kai. Nakan ce ina ma in je in ga fitowar rana a wurin sau ɗaya, sai autar ta ce, "Hajiya, da waɗannan gwiwoyin? Ko bukka fa babu a can." To, autar ta yi aure ta bi mijinta Zariya, hanya ta toshe. Aka bar ni da ido da kunne, kuma duk wanda ya san ni ya san ba su da hutu.

Da farko na ce kwaramniyarsa ce. Aikinsa haƙa rijiyar burtsatse, rabin rayuwarsa a daji yake kwana cikin tanti, kuma tun yana ƙarami ba ya ganin rediyo bai kwance ta ba. Na ji matarsa tana gaya wa maƙwabciya cewa a gwanjo ya saya, kuma yana da takardunta. Na ce to. Amma kwana uku da zuwanta sai ga shi ya kewaye bakin kangon da kwanon rufi, ya sa ƙofa, ya sa kwaɗo. Kangon nan tun rasuwar mahaifinsu a buɗe yake, awakin unguwa ke kwana a ciki. Me mutum zai ɓoye a jikin tsohon ƙarfe? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Daga nan na zama 'yar sintiri a gidana. Akwai tsaga a bangon banɗakina da take kallon kangon, na mayar da ita wurin aiki. Na ga sun ɗaga tirelar a kan bulo sun cire tayoyin. Asabar uku yana kankare tsatsa, har gashin kansa ya koma ja. Mai walda ya zo ya yanke ruɓaɓɓen gindin ya sa sabon ƙarfe, sannan suka tayar mata da bango da rufi, ta koma kamar akwati. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai wani dattijo ne mai ɗingishi da ya fara zuwa, tsayuwarsa kaɗai ta isa ta gaya maka tsohon soja ne. Yakan zo da abu a buhu, su tsuguna su yi ƙus-ƙus, in an buɗe ƙofa su yi shiru. Bayan haka suka rataya tamfol ta ɓangarena, tsagar ta daina amfani.

Ban fasa ba. Na koma ƙirga abin da ke shiga ta lungu. Batir babba. Wayoyin wuta, ja da baƙi, dami guda. Jarka biyu. Ranar da na ga tukunyar gas a kafaɗarsa, tuwon dare bai shiga cikina ba. Duk wanda ya zauna a garin nan a shekarun tashin hankali ya san abin da tukunyar gas da waya suke tuna wa mutum. Ban ce ɗana mugu ne ba, Allah ya sani. Amma mai zurfin ciki ne, kuma yana da saurin yarda da mutane, kamar ubansa. Tsorona kada wani ya yi amfani da hannunsa, a wayi gari a zo a tafi da shi, ni kuma ko sunansa ban taɓa kira ba.

Sai kuma zancen zare. Wata ranar na dawo daga barkar haihuwa da wuri, na tarar da matarsa a ɗakina, ta miƙa zare daga kan gadona zuwa ƙafarsa, ta ƙulla. Ta sake aunawa daga ƙasa zuwa katifa. Yarinya ce mai hankali, ba mu taɓa sa-in-sa ba, amma da ta gan ni sai ta dunƙule zaren a hannu.

"Me ake aunawa?" na ce.

"Zanin gado zan ɗinka miki, Hajiya," ta ce, idonta a ƙasa.

Zanin gado ba ya bukatar tsayin gado daga ƙasa. Kuma a saninmu, tsawon mutum ba a auna shi sai ranar da za a kai kara wa masu haƙa kabari. Na san wannan tunanin bai dace da wadda ta yi boko ba, amma ya zo, kuma ya zauna. Washegari na nemi 'yar kujerar da nake zama in yi alwala, na rasa. Aka ce ƙafarta ce ke rawa, an kai wa kafinta. Ƙafarta lafiya lau take.

A gidan suna a Zaitawa wata ta ƙarasa ni. Ta matso da fara'a ta ce, "Malama, an ce yaronku ya buɗe bariki a kango." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Sai na aika a kira mini ƙanena, kawun yaran. A nan na yi wauta, don na fi kowa sanin bakinsa rariya ne. Na ce masa ya ja yayansu gefe, a matsayinsa na kawu, ya tambaye shi cikin hikima abin da yake haɗawa.

"Yaya, ki kwantar da hankalinki," ya ce. "Rigakafi ya fi magani. Ki bar mini."

Hikimarsa ita ce ya tsaya a majalisar ƙofar masallaci ya nemi shawara. Daga majalisa zance ya tafi gidan mai unguwa. Kwana biyu bayan nan, ranar Asabar bayan la'asar, na ji hayaniya a lungu. Na laɓe a bayan ƙyauren soro. Mai unguwa ne da liman da dattawa huɗu da 'yan sintirin unguwa, ga jama'a a bayansu har kan katanga. Ƙanena yana can gefe yana gyara hula kamar ba shi ba.

Ɗana ya fito daga kangon, hannunsa duk baƙin mai. Ya durƙusa ya gaishe su.

"Injiniya," in ji mai unguwa, "ba zarginka muke ba. Amma zamani ne ya zo da haka, kuma jama'a sun yi magana. Ka buɗe mana mu gani, hankalin kowa ya kwanta."

Ya shiga gida ya ɗauko takardun gwanjo ya miƙa. Sannan ya buɗe ƙofar kwanon gaba ɗaya, ya yaye tamfol. Ta tsagar ƙyaure nake gani. Koren sojan nan babu shi, an yi mata fenti ruwan madara. An fitar mata da taga mai raga saboda sauro, ga farantin sola a kan rufi. Ya ja wani ƙarfe, rumfa ta buɗe a gefe. Ya nuna musu inda tukunyar gas take zaune da ɗan murhunta, ya kunna fanka da batir, ya murɗa famfo ruwa ya zubo daga jarka. Tsohon sojan, in ji shi, makanike ne da ya yi aiki da irinta, shi ke samo masa kayan ƙafa da burki.

"To, ɗakin kwana ne na tafiya," in ji liman. "Na zuwa aikinka ne?"

"A'a, Malam. Ni tanti ya ishe ni."

Ya buɗe ƙofar baya, ya sauko da matakala mai hawa uku, gajeru ƙwarai, da ƙarfen dafawa a gefe. A ciki gado ne guda ɗaya. Daga inda nake na gane tsayinsa, don kullum a kan irinsa nake sauko da ƙafata. A gefen famfo, an ɗaure ta da noti don kada ta motsa, kujerar alwalata ce.

"Ta Hajiya ce," ya ce a hankali. "Akwai inda take son zuwa, kuma babu wurin kwana a can. Na so sai bazara ta yi in nuna mata."

Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce Allah ya yi albarka, kowa ya watse. Da a nan aka tsaya da na sha da sauƙi. Amma ƙanena, don ya wanke kansa, sai ya ɗaga murya ya ce, "Ai ka yi haƙuri, ɗana. Ita Hajiyar ce hankalinta ya tashi, ta ce a bincika."

Na ga bayan wuyan ɗana lokacin da maganar ta same shi. Bai juyo wajen soro ba, ko da yake ya san ina nan, ya san kullum ina nan. Ya naɗe matakalar, ya rufe ƙofa, ya mayar da tamfol. Kunya irin ta ranar ban taɓa ji ba, kuma ba irin wadda aka koya mini ba ce. Wannan mai ciwo ce.

Gaisuwar safe bai fasa ba. "Hajiya, ina kwana." "Lafiya lau." Amma kangon ya yi shiru. Asabar ta zo ta wuce babu ƙarar guduma, ta biyu ma haka. A lungu aka sa masa suna Kwamanda, ana faɗa ana dariya, shi ma yana murmushi, ni kuwa na san wanda ya jawo masa. Na shiga tsakar gida ina magana da ƙarfi ni kaɗai, wai bazara ta kusa, wai an ce ruwan dam ya fara ja. Babu autar da zan fake da ita, kuma babu wanda ya amsa. Na yi fushi da ƙanena, na yi fushi da mai unguwa, har da matar Zaitawa. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Sai da matarsa ta kawo mini kujerar alwalata, da ramukan noti huɗu a ƙafafunta, ta ajiye a gabana, sannan na daina neman mai laifi. Ta juya za ta fita ta ce, kamar da bango take magana, wani mai sayar da shayi ya taya tirelar, gobe zai zo da masu turawa.

Washegari da hantsi na ɗauki kujerar na fita. Rabona da taka kangon nan tun mahaifinsu na da rai. Ƙofar a buɗe take. Yana tsugune ya ba ni baya, yana kwance ƙarfen dafawar nan na jikin matakala, don mai shayi ba ya bukatarsa. Na tsaya. Na nemi "yayansu" a bakina, na ga babu wanda zan faɗa wa.

Na kira sunansa.

Bai waiwayo ba. Ya ci gaba da murɗa notin. Na ɗauka fushi ne, na sake kira, da ƙarfi. Sai ya ɗaga kai ya dubi bakin lungu, ya dubi kan katanga, yana neman matar da ke kiransa. Bai san sunansa da muryata ba.

Da ya juyo ya gan ni, sifana ta faɗi daga hannunsa. Ya yi yunƙurin durƙusawa, alhali a tsugune yake. Na miƙa masa kujerar.

"Mayar da ita inda ka cire ta," na ce. "Ƙarfen nan ma ka ɗaure shi. Da me kake so in dafa?"