Mati Mai Laluben Ruwa

Mahaifina sunansa Mati, manomi ne daga wani ƙauye a gundumar Ruma. In ka shiga kasuwar Batsari ka ce kana neman Mati manomi, za a tambaye ka wanne daga ciki. Amma ka ce Mati Mai Lalube, ko mahaucin da ke tsakiyar yankan nama zai ɗago wuƙa ya nuna maka hanya. Shi ake kira idan ruwa ya ci mutum. Ba gadon abin ya yi ba, ba shi da laya, ba shi da sarautar ruwa. Dogon numfashi kawai Allah ya ba shi, sai kuma taurin kai da ya fi numfashin tsawo.

Ruwanmu na damina ba ruwan kallo ba ne. Ja ne, mai kauri kamar kunun dawa, in ka buɗe ido a ciki yashi ne zai cika maka shi. Don haka Baba rufe ido yake yi ya nutse, ya bi ƙasa da tafin hannu. Da yatsu yake bambanta saiwar itace da hannun mutum, tsohon buhu da rigar yaro. Mutum ashirin da ɗaya ya fitar a rayuwarsa, daga rafi da tafki da kududdufi, huɗu daga cikinsu da rai. Sauran kuwa, aƙalla iyalansu sun samu abin da za su wanke su binne, kuma a wurinsa wannan shi ne aikin.

Innarmu, Hansai, ita kaɗai ke iya tsokanarsa a kan abin. Takan ce ko hularsa ce ta ɓace a ɗaki sai ya rufe ido kafin ya same ta. Duk ranar da aka zo kiransa, kafin ya dawo ta ɗora ruwan zafi, ta dama kunu da citta mai yawa. Ba ta taɓa tambayarsa abin da ya taɓo a ƙasa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Shekara biyar ke nan da abin ya faru, a watan Agusta. Ni Zaharaddeen, ɗansa na fari, ina Jidda a lokacin, ina ɗinkin jallabiya a shagon wani. 'Yan bindiga suka shigo ƙauyenmu a kan babura bayan la'asar, mutane suka watse suka nufi rafin da ke gabas da gari, wanda ruwan safiya ya cika har baki. Baba ya riƙa ɗaukar yara bibbiyu yana tsallakar da su. Da ya miƙo wa Inna hannu, sai ta ce ya fara gamawa da yaran. Ƙarar bindiga ta matso, mata suka kasa jira, suka shiga ruwan suna riƙe da zanen juna. Bakwai suka shiga, shida suka fita.

Kwana uku yana nutso. A rana ta biyu, a wata kwana da ruwa ke juyawa ƙarƙashin wani marke, hannunsa ya taɓa zane. Ya ce ya ji bakin zanen da ɗinkin hannu, irin wanda Inna ke yi wa nata. Ya kama, ya ja, abin ya ƙi tahowa, numfashinsa ya ƙare. Ya saki ya taso ya shaƙi iska, ya koma. Babu komai a wurin. Har yau bai sani ba ko ita ce, ko tsumma ne ya maƙale a saiwa.

Daga nan Baba ya ƙi karɓar gaisuwa. Duk wanda ya zo ya ce Allah ya jiƙan Hansai, sai ya dube shi ya ce, "Wa ka gani?" Liman ya zo har sau biyu yana ba da shawarar a yi mata salla ko babu gawa, Baba ya ce a dakata. Da suka yi gudun hijira zuwa Batsari, gidan ƙanwata Mahfuza, akwatin Inna kawai ya ɗauko, ya kulle shi da kwaɗo, makullin kullum yana aljihunsa. Mahfuza ta roƙe shi ko ɗankwali ɗaya ya ba ta, ya ce mai kaya ba ta ba da izini ba. Ruwa kuwa ya daina shiga. In an zo kiransa sai ya ce a nemi wani. Mu 'ya'yansa muka zauna a tsakiya, ba mu da uwa, kuma ba mu da damar cewa ta rasu a gabansa. Abin yana ci mini rai, wani lokaci har haushinsa nake ji.

Bara na samu hali na kawo shi Umara. Ya yi ibadarsa tsaf, muka je Madina muka yi ziyara, amma shirun nan nasa yana nan. Sai dabara ta faɗo mini, irin dabarar wanda ya daɗe ba ya gida. Wani abokin aikina ya taɓa nuna mini a waya wani lungun teku a gaɓar Bahar Maliya, wajen Yanbu, inda hukuma ta hana kamun kifi. Ana ɗaukar mutane a jirgin ruwa, a ba su hayar tabarau na ruwa da bututun numfashi, su kwanta a kan ruwa su yi kallon abin da ke ƙasa. Na ce ai shi ke nan, mutumin ruwa, a kai shi ruwa mai kyau ya warware.

Na buɗe waya na fara cika fom ɗin kama wuri. Suna, shekaru, rana, ko kana da kayanka ko za ka yi haya. Da na zo inda aka tambaya ko mutum ya iya iyo, sai da na yi dariya ni kaɗai. Sannan suka nemi lambar takalmi.

"Baba, takalmi lamba nawa kake sawa?"

"Mi za a yi da ƙahwata?"

Na yi masa bayani, na nuna masa hoton. Ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Wanga abu, in an sa shi ana gani cikin ruwa?"

"Ana gani."

"Har ƙasa?"

"Har ƙasa, Baba. Ko tsakuwa sai ka ƙirga."

Ya miƙo mini wayar. "Kama mana wuri."

Ni kuwa wawa, murna na yi. Har na buga wa Mahfuza waya na ce mata Baba ya fara sakewa.

Ranar muka isa da hantsi. Mai kula da mu a jirgin wani Hashimu ne, Bahaushen Sudan, wanda ya ce kakansa da ƙafa ya baro ƙasar Katsina. Hausarsa ta sha Larabci, amma ana ganewa. Suka gaisa da Baba gaisuwa mai tsawo, har sauran fasinjoji suka fara duba agogo. Ya raba mana kaya: tabarau, bututu, da takalman roba masu faɗi. Baba ya sa nasa ya taka sau biyu kamar agwagwa, ya ce shi dai bai ga abin da ƙafar da Allah ya ba shi ta rasa ba. Rigar hana nutsewa kuwa ya ƙi ta ƙememe. Hashimu ya dage, Baba ya faɗa ruwa ya zagaye jirgin sau ɗaya ya dawo ko haki ba ya yi, sai Hashimu ya rataye rigar.

Sai ya karanta mana doka. Wurin nan a tsare yake. Ba a kama kifi, ba a ɗaukar ko ƙwarya ɗaya ta dodon koɗi, ba a taka murjani, duwatsun nan masu rai da ke ƙasa. "Ya Hajji, a nan ido kawai. Hannu ba ya taɓa komai."

Baba ya dube ni. "Ba a taɓawa? To mi aka zo yi?"

Muka shiga. Ni da ban iya iyo sosai ba na ɗaura rigata na riƙe igiyar jirgi. Da na sa fuska a ruwa sai da na manta da tsoro: kifaye shuɗi da rawaya da masu zane kamar atamfa, ruwan garau har ƙasa. Na juya in ga yadda Baba ke jin daɗi. Yana kwance a kan ruwa, hannayensa a harɗe a baya don kada ya karya doka, kuma ta cikin tabaran na ga idanunsa a rufe suke gam. Shekara arba'in na sabo. Na taɓa kafaɗarsa, na nuna masa idona. Ya buɗe.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Kifayen suna wucewa ta gaban hancinsa, ko kallo ba su ishe shi ba. Ƙasa yake kallo. Ya fara tafiya a hankali, ya miƙe layi ɗaya, ya juyo ya kama na kusa da shi, kamar mai bin kunya a gona. Nema yake yi. A nan na gane abin da na aikata, na so a ce ban taɓa buɗe wayar nan ba.

Can sai ya tsaya. Ya tofar da bututun, ya ja numfashi, ya nutse. Hashimu ya busa usur daga jirgi. Ina kallon Baba yana sauka, tsoho mai shekara sittin da uku, har ya isa wani wuri da wani abu baƙi ya maƙale tsakanin murjani yana kaɗawa. Ya warware shi a hankali, ya taso da shi. Guntun gyale ne, na wata baƙuwa da iska ta ƙwace wa, wa ya san tun yaushe.

Hashimu ya taho da faɗa a bakinsa, amma da ya ga Baba zaune a jirgi ya rufe ido yana bin bakin gyalen da yatsu, sai ya haɗiye faɗan. Ya ce ba komai, shara ce, an ma gode. Baba bai ji shi ba. Ya ajiye gyalen ya ce, "Ɗinkin keke ne."

Da muka dawo gaɓa kowa ya mayar da kayan haya, ban da Baba. Ya riƙe tabaran da hannu biyu.

"Baba, na haya ne, sai an mayar."

"Da ina da wanga ranar nan, da na gan ta." A hankali ya faɗa, ba ni yake kallo ba. "Da na san inda zanen ya kama. Da ban saki ba."

Da ƙyar na karɓa na mayar, da alkawarin zan saya masa sabo, kuma na saya a wani shago kafin mu bar garin. Na san ruwan rafinmu. Na san tabarau ba ya mayar da kunu ya zama ruwan sha. Amma ban iya faɗa masa ba, tsoro na ji, kuma har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Bana na zo gida hutu a watan Agusta. Kwanana biyu Baba ya ce in nemo babur mu je ƙauyenmu. Mahfuza ta yi kuka ta ce hanyar ba lafiya, ya ce da rana za mu je da rana za mu dawo. Muka bi turba ta cikin gonaki, wasu an noma, wasu ciyawa ta cinye. Ƙauyenmu babu kowa sai ɗakuna marasa rufi. Rafin ya kawo, ja wur, yana tafiya da kara da kumfa. Marken yana nan inda yake.

Ya tuɓe riga ya ninke, ya ɗaura tabaran yadda Hashimu ya koya masa, ya yi bisimilla ya shiga. Wannan ne karo na farko da ya taka ruwan nan tun wancan kwana ukun. Ya nutse. Na tsaya a bakin gaɓa ina kallon inda ruwa ya rufe kansa. Ya taso, ya koma. Ya taso, ya sake komawa. A na ukun ya daɗe har na fara cire takalmi, ni da ko kaina ba zan iya ceta ba.

Ya fito ya zauna a kan yashi, ya ture tabaran zuwa goshi. Ruwa ja yana bin gemunsa.

"Ba a gani," ya ce. "Na buɗe ido. Na kawo hannuna nan, dab da hanci. Ko hannuna ban gani ba."

Ya juya tafin hannun yana dubawa.

"Ashe ko ina da shi ranar nan, ba ni ganin ta."

"Ba ka ganin ta, Baba."

Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya jawo rigarsa, ya sa hannu a aljihu, ya fito da makullin akwatin Inna ya miƙo mini.

"Ka ba Mahfuza. In mun koma ka biya ka hwaɗa ma liman."

Washegari bayan azahar aka yi mata salla, sahu uku, babu komai a gaban liman. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Mahfuza, Baba ya zauna zaman makokin da ya makara da shekara biyar. Daga cikin gida ina jin kukan Mahfuza, ta buɗe akwatin. Wani tsohon mahauci, wanda Baba ya taɓa fitar masa da ɗa daga tafki, shi ya fara durƙusawa. Ya yi jim, don ya san amsar da aka saba ba shi, sannan ya ce, "Mati, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Hansai."

Idanun Baba a rufe suke, yatsunsa na dama suna bin bakin tabarma a hankali.

"Amin," ya ce.